Kwana biyar a sawun rundunar Ox and Bucks: sharhi kan wani rangadin tarihin soja

A watan Satumban da ya gabata na biya kuɗi na shiga wani rangadi na kwana biyar da wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na Ingila yake shiryawa, wanda aka keɓe shi ga tarihin runduna guda ɗaya tak daga cikin rundunonin sojan ƙasa na Birtaniya, wato Oxfordshire and Buckinghamshire Light Infantry, wadda sojojinta da mutanen yankinta suke taƙaita sunanta da Ox and Bucks. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin ina da ƙorafi a kansa, kuma masu wannan sana'a suna da yawa, tsarinsu ma kusan ɗaya ne, saboda haka abin da zan faɗa zai iya amfanar duk wanda yake shawarar sayen irin wannan hidima ko daga hannun wa. Mu ashirin da biyu ne a cikin bas, yawancinmu dattawa, kuma kusan rabinmu jikoki ne ko 'ya'yan waɗanda suka yi aiki a rundunar. Kuɗin da muka biya ya ƙunshi mota da otal da karin kumallo da tikitin gidajen tarihi da fiton teku, amma ban da abincin rana da na dare. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa jagoran ya ci kuɗinsa halal, ofishin kamfanin bai yi aikinsa yadda ya kamata ba, tarihin da aka ba mu kuwa rabi ne, sai dai rabin da aka bayar an ba da shi da gwanintar da ban taɓa ganin irinta ba.

Mun tashi daga garin Woodstock da ke kusa da Oxford, inda gidan tarihin sojojin Oxfordshire yake, wanda aka buɗe a 2014. A nan jagoranmu, wani tsohon manjo mai ritaya, mai ƙaramar murya da yawan haƙuri, ya fara warware mana sarƙaƙiyar sunaye da lambobi, abin da yake rikita duk baƙon da ya tunkari tarihin sojan Birtaniya. Asali runduna biyu ne. Runduna mai lamba 43 an kafa ta a 1741, mai lamba 52 kuwa a 1755, kuma kowacce ta yi fiye da shekara ɗari tana cin gashin kanta kafin a haɗe su a 1881 a ƙarƙashin garambawul ɗin da ministan yaƙi Hugh Childers ya yi, aka kira su Oxfordshire Light Infantry, aka ba su barikin Cowley a Oxford ya zama gidansu. A 1908 aka ƙara sunan Buckinghamshire. Duk da haɗewar, har bayan yaƙin duniya na biyu bataliya ta ɗaya tana kiran kanta ta 43, ta biyu kuma ta 52, domin soja ba ya sakin lambar da kakanninsa suka zubar da jini a ƙarƙashinta. A 1958 sunan ya sake sauyawa, a 1966 ta narke a cikin Royal Green Jackets, sannan a 2007 wannan ma ta shige cikin babbar rundunar da ake kira The Rifles. Manjon ya yi wannan bayani cikin minti goma a gaban wani allo, kuma da bai yi shi a ranar farko ba, da sauran kwanakin sun zame mana tatsuniya.

Daga nan muka nufi gabar tekun Kent, zuwa Shorncliffe kusa da Folkestone, kuma a ganina nan ne zuciyar rangadin take, ko da yake babu wani abin kallo mai ɗaukar ido. Tudu ne mai ciyawa da ƙaya, da ragowar wata ganuwar ƙasa da aka gina a 1794, sai iska mai sanyi da take tasowa daga teku. Wanda ya zo neman hoto zai koma da takaici. Amma da manjon ya tsayar da mu ya nuna mana kudu maso gabas, ya ce a ranar da gari ya washe ana iya hango gaɓar Faransa, kuma a can Boulogne ne Napoleon, mai mulkin Faransa, ya tara rundunar da yake shirin ƙetarowa da ita daga 1803 zuwa 1805, sai wurin ya fara magana. A wannan tudu ne Janar Sir John Moore ya tara runduna ta 52, wadda shi ne kanar ɗinta, da ta 43, da ta 95 masu koren kaya, domin ya koya musu wani sabon salon yaƙi. A 1803 aka mayar da ta 52 da ta 43 abin da Turawa suke kira Light Infantry, wato dakaru marasa nauyi, wanda ni zan fi so in kira shi dakarun zafin nama, domin ba nauyin kaya kaɗai ake nufi ba.

Bayanin da ya yi a kan wannan batu shi ne mafi daraja a duk abin da na saya. Sojan ƙasa na wancan zamani yana tsayawa ne kafaɗa da kafaɗa a cikin dogon sahu, ya ɗura bindiga idan an ce ya ɗura, ya harba idan an ce ya harba, kuma ba a bukatar ya auna kowa, tunda bindigar ba ta da saiti mai kyau, abin da ake so shi ne ruwan harsashi ya sauka gaba ɗaya. Abin da yake riƙe shi a sahu shi ne tsoron bulala. Yaƙe-yaƙen dazuzzukan Amurka ta Arewa, inda rundunonin biyu suka ɗanɗana kuɗarsu a Bunker Hill a 1775, da kuma maharban Faransa da suke bazuwa a gaban rundunarsu suna ɗauke hafsoshin abokan gaba ɗaya bayan ɗaya, su suka nuna cewa wannan tsari bai wadatar ba. Moore, tare da Laftanar Kanar Kenneth Mackenzie wanda ya tsara yawancin atisayen, ya so sojan da zai fita daga sahu, ya laɓe a bayan itace ko tudu, ya zaɓi wanda zai harba, ya yi aiki da abokinsa su biyu, ɗaya yana ɗuri ɗaya yana tsaronsa, kuma ya yanke shawara da kansa idan hafsa ya yi masa nisa. Wannan ya sa aka ajiye ganga aka ɗauki begila, domin sautinta ya fi kaiwa ga mutanen da suka warwatsu, kuma shi ya sa ƙahon busa ya zama tambarin waɗannan rundunoni. Sabbin hafsoshi sai sun shiga fareti tare da kurata sun koyi duk abin da za su umarci wani ya yi, kuma an ɗora musu nauyin sanin mutanensu da hana laifi tun kafin ya auku, maimakon jiran a yi shi a yi hukunci. Manjon ya sa muka gwada tafiyar da magadan wannan al'ada suke yi a fareti har yau, taku 140 a minti ɗaya, alhali yawancin sojan ƙasa na Birtaniya ba sa wuce 120. Ba mu yi minti biyu ba dattawan suka fara haki suna dariya, ni ma ban fi su ba.

A nan ne kuma na fara lura da wata ɗabi'a ta jagoran. Ya ba da labarin rasuwar Moore a Corunna ta ƙasar Sifaniya a ranar 16 ga Janairun 1809 cikin alhini, ya lissafo fagagen da ɗaliban Moore suka yi suna a Fotugal da Sifaniya a ƙarƙashin Wellington, babban kwamandan Birtaniya, irin su Bussaco da Ciudad Rodrigo da Salamanca da Vitoria, amma bai ce uffan ba game da cewa Janar Robert Craufurd, wanda ya jagorance su har zuwa farkon 1812, ya shahara da yawan sa a yi wa soja bulala, ko kuma cewa bayan an ci birnin Badajoz a Afrilun 1812 sojojin Birtaniya, har da waɗannan da ake yabo da tarbiyya, sun shafe kwanaki suna wasoso da cin zarafin mutanen garin da suka ce sun zo ceto. Sai da wata dattijuwa daga cikinmu ta tambaye shi sannan ya amsa, kuma amsar tasa gaskiya ce, bai yi kwana-kwana ba. Sanin yana nan, ba ya dai fito da shi sai an tono.

Washegari muka bi ta hanyar ƙarƙashin teku muka ƙetara, muka isa Waterloo a Beljiyam da hantsi. A nan ne gani ya kori ji. Na sha karanta labarin yadda dogaran Napoleon suka kai farmakin ƙarshe da yammacin 18 ga Yunin 1815, amma ban taɓa fahimtarsa ba sai da aka tsayar da ni a kan ƙasar. Yawancin masu ziyara suna hawa tudun zaki mai matakala 226 su leƙo filin daga sama, mu ma mun hau, sai dai manjon ya gargaɗe mu cewa ƙasar da aka tara tudun da ita a shekarun 1820 daga jikin tungar da Wellington ya tsaya aka kwashe ta, saboda haka siffar wurin ta sauya daga yadda mayaƙan suka gan ta. Da muka sauko ya ja mu da ƙafa ta wata siririyar hanyar gona tsakanin tudun da gidan gonar Hougoumont, ya jera mu sahu huɗu kamar yadda runduna ta 52 ta tsaya a ranar, ya tura mutum uku daga cikinmu can gangare su zama jerin gwanon Faransawa. Sannan ya umarci sahunmu ya juya a kan ƙafar hagu kamar yadda ƙyaure yake juyawa, har muka tsinci kanmu muna fuskantar haƙarƙarin mutanen ukun. Abin da Sir John Colborne ya yi ke nan da bataliyarsa mai mutum fiye da dubu, wadda ita ce mafi yawan jama'a a bataliyoyin Birtaniya a filin, kuma ya yi shi ne ba tare da ya jira umarni ba. Jerin gwano mai kauri yana da ƙarfi ta gaba, amma ta gefe mutane kaɗan ne za su iya juyowa su yi harbi. Ta 52 ta buɗe musu wuta, sannan ta auka musu da banati, wato wuƙar da ake ɗaurawa a bakin bindiga, dogaran suka watse, rundunar Faransa ta ga abin da ba ta saba gani ba, ta karaya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda jikokin rundunar da ke cikin bas ɗinmu ba su huce da shi ba har yau. Rahoton da Wellington ya aika Landan bai ambaci wannan aiki na ta 52 ba, yabon korar dogaran Napoleon ya tafi ga dakarun fadar Sarkin Ingila da ke ƙarƙashin Janar Maitland, har aka sauya musu suna zuwa Grenadier Guards saboda shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. William Leeke, wanda yana ɗan shekara 17 ya riƙe tutar ta 52 a ranar, ya tsufa yana limamin coci yana rubuce-rubucen neman a mayar wa rundunarsa haƙƙinta. Na yaba wa manjon a nan, domin da sauƙi ne ya faranta wa abokan cinikinsa ya ce ta 52 ce kaɗai ta ci Waterloo, amma bai yi haka ba. Ya bayyana cewa dogaran sun hau tudun ne kashi-kashi, mutanen Maitland sun kori kashin da ya fuskance su da gaske, Colborne ya karya wanda ya biyo baya, sojojin Holan da Beljiyam sun taka tasu rawar a wani ɓangaren, kuma da Blücher, kwamandan Prussia ta Jamus, bai iso da sojojinsa ya janye wa Napoleon dubban mutane zuwa ƙauyen Plancenoit ba, da babu wanda zai tsaya yana gardamar wa ya fi wani. Wasu ba su ji daɗin wannan adalci ba, na gani a fuskokinsu. Ya kuma tuna mana cewa ta 43 ba ta halarci Waterloo ba, domin an tura ta Amurka zuwa New Orleans, ba ta dawo a kan lokaci ba.

Daren nan ne ofishin kamfanin ya fara nuna halinsa. Takardar da aka aiko mana ta ce otal ɗin yana tsakiyar gari, sai muka tarar da shi a bakin babbar hanya, babu gidan abinci ko ɗaya da za a iya takawa a je. Tun wata guda kafin tafiya na cike fom na bayyana cewa ba na cin naman alade, an kuma amsa mini cewa an lura, amma babu otal ɗin da aka sanar, saboda haka na kwana biyar ina karya kumallo da burodi da ƙwai da cuku. Musulmin da zai yi irin wannan tafiya ya tanadi guzurinsa, ya kuma sani cewa ba a ware lokacin salla a jadawali ba, ko da yake direban da manjon ba su taɓa nuna ƙosawa ba idan na nemi minti goma. Mai fasfo na ƙasar da take bukatar biza kuma ya tuna cewa izinin zama a Birtaniya ba ya shigar da mutum Beljiyam ko Faransa, sai ya nemi bizar Schengen da kansa, kuma kamfanin bai ambaci wannan ko sau ɗaya a takardunsa ba, da alama bai taɓa kawo wa ransa cewa wanda ba Bature ba zai sayi wannan hidima.

Rana ta uku ta yankin Ypres ce, fagen yaƙin duniya na farko a Beljiyam. An kai mu wani ɗan kurmi mai suna Nonne Bosschen, inda a ranar 11 ga Nuwamban 1914 dogaran Kaisar na Jamus suka fasa layin Birtaniya, ya rage kaɗan su kai ga igwogi, sai bataliya ta biyu ta Ox and Bucks ta kutsa cikin itatuwan da banati ta fatattake su, ita kuwa asararta kaɗan ce. Jikokin ta 52 ne suka sake karya dogaran wani sarki bayan shekara 99, kuma manjon bai bar wannan dacewa ta wuce shi ba. Wurin a yau gidaje sun kewaye shi, ba mu daɗe ba. Da ƙarfe takwas na dare muka tsaya a ƙofar Menin, wadda aka zana sunayen mutum fiye da 54,000 da ba a san kabarinsu ba a jikin bangonta, inda masu begila na garin suke busa taken bankwana kowane dare tun 1928, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin a yaƙi na biyu. Bayan bayanin Shorncliffe, sautin begilar ya shige ni fiye da yadda na zata.

A jikin wannan bango akwai sunayen sojojin Indiya, kuma su ne suka sa na fito da abin da yake cina. Rundunar Ox and Bucks ta shafe shekaru masu yawa a wajen Turai tana yi wa daular Birtaniya aiki, amma a kwana biyar ɗin nan ba a ba wannan ɓangare ko rabin sa'a ba. An gaya mana cewa mabushin begilar ta 52, Robert Hawthorne, ya samu lambar yabo ta Victoria Cross a ƙofar Kashmir ta birnin Delhi a ranar 14 ga Satumban 1857, inda ya busa wa rundunarsa ta shigo bayan an fasa ƙofar da nakiya, harsashi yana zuba a kansa. Jarumtarsa ba abin musu ba ce. Amma ba a gaya mana dalilin da ya sa Indiyawa suka tayar wa mulkin Birtaniya bore a wannan shekara ba, ko irin kisa da wasoson da aka yi wa mutanen Delhi bayan an ci birnin, ko yadda aka kori sarkinsu na ƙarshe, Bahadur Shah Zafar, zuwa Rangoon. An ratsa ta kan Gate Pa a New Zealand da jimla guda, alhali a can ne a ranar 29 ga Afrilun 1864 mayaƙan Maori, 'yan asalin ƙasar, da ba su kai 250 ba suka tona ramuka, suka jure ruwan igwa na yini guda, suka kuma kori sojan Birtaniya kimanin 1,700, ta 43 ta rasa kwamandanta da hafsoshi da dama. Wanda yake koyar da darasin soja mai tunani ya kamata ya tsaya a wurin da aka fi ɗalibansa tunani, ya kuma faɗi cewa ƙasar noman Maori aka ƙwace bayan yaƙin. Haka nan Kut al-Amara a Iraƙi, inda sojojin Daular Usmaniyya suka yi wa bataliya ta ɗaya ƙawanya tare da dubban sojojin Indiya har kwana 147, yunwa ta sa suka miƙa wuya a ranar 29 ga Afrilun 1916, yawancin waɗanda aka kama daga bataliyar suka mutu a hanya ko a sansanonin aikin dole, shi kuwa kwamandansu Janar Townshend aka ajiye shi cikin jin daɗi a wani tsibiri kusa da Istanbul. Na san bas ba za ta kai mu Delhi ko Kut ba, amma muna da sa'o'i masu yawa a kan hanya, ga lasifika a hannun manjon. Da na yi masa maganar a keɓe, ya amsa cewa yana da laccar a shirye, kamfanin ne yake ganin abokan ciniki ba su zo jin wannan ba. Wataƙila haka ne ga wasunsu, amma wanda ya sayar da abu da sunan tarihin runduna bai kamata ya miƙa tarihin nasarorinta na Turai kaɗai ba.

Cassel, garin kan dutse a arewacin Faransa inda bataliya ta huɗu ta tare Jamusawa na kwanaki a ƙarshen Mayun 1940 domin sauran sojoji su samu ficewa zuwa Ingila ta tashar jiragen ruwa ta Dunkirk, har umarnin janyewa ya iso musu a makare aka kashe ko aka kama yawancinsu, minti arba'in kacal muka yi a cikinsa, saboda wanda ya tsara jadawalin bai lissafa nisan da ke tsakanin nan da Normandy daidai ba. Wani dattijo da mahaifinsa ya shiga hannun Jamusawa a garin, wanda saboda Cassel kaɗai ya biya kuɗin tafiyar, ya koma bas idonsa ya yi ja. Wannan shi ne babban laifin kamfanin a wurina, ya fi na otal da na abinci nesa.

Abin da ya wanke su shi ne daren ƙarshe. Maimakon a kai mu gadar Pegasus da ke Normandy ta Faransa, yankin da sojojin ƙawance suka sauka a 1944 domin korar Jamusawa, da rana kamar kowa, manjon ya nemi mu yi barcin yamma, ya fito da mu bayan sha ɗaya na dare zuwa Bénouville, ya tsayar da mu a gefen mashigin ruwan Caen cikin duhu, kusa da duwatsu uku da suke nuna inda jirage suka sauka. A nan ya ba da labarin. Da ƙarfe 10:56 na daren 5 ga Yunin 1944 jiragen sama marasa inji guda shida, na katako, samfurin Horsa, suka fara tashi daga Tarrant Rushton a Dorset, jiragen yaƙi samfurin Halifax suna jan su da igiya, ɗauke da mutum 181, yawancinsu 'yan bataliya ta biyu ta Ox and Bucks, tare da injiniyoyin soja da matuƙa. Shugabansu Manjo John Howard ya fara ne daga kurtu, ya kuma yi aikin ɗan sanda a Oxford kafin yaƙi. Aikinsu shi ne su kama gadar mashigin da ta kogin Orne da ke kusa da ita kafin Jamusawa su tarwatsa su, domin idan gadojin suka kuɓuce, sojojin lema da za su sauka a gabas za su zama a yanke, tankokin Jamus kuma za su samu hanyar kai wa masu sauka a bakin teku hari ta gefe. Da ƙarfe 12:16 jirgin farko, wanda Sajan Jim Wallwork yake tuƙawa da agogo da kamfas a cikin dare, ya daki wayar shinge yadi 47 daga gadar, da ƙarfin da ya wurgo matuƙan biyu waje. Na auna tazarar da ƙafata a daren, kuma har yanzu ina mamakin yadda aka yi. Cikin kimanin minti goma gadojin biyu suka shiga hannu, injiniyoyi suka tarar ba a ma saka nakiyoyin a gurabensu ba, aka fara aika kalmomin sirri na nasara ta rediyo, Ham da Jam, wato naman alade da zaƙin shafa wa burodi, abin da ya sa abokan tafiyata suka waiwayo suna yi mini dariya saboda sun san labarin karin kumallona.

Manjon ya ɗaure wannan dare da Shorncliffe ba tare da ya matsa ba. Jirgi ɗaya ya ɓata ya sauka a wani kogin dabam mai nisan mil da yawa, hafsoshin da suka sauka a gadar mashigin kusan duk an harbe su ko sun ji rauni a mintunan farko, amma aikin bai tsaya ba, domin Howard ya horar da kowane rukuni ya iya aikin ɗan uwansa, kofur ya iya ɗaukar matsayin laftanar. Da motocin yaƙin Jamus suka tunkaro daga mararrabar garin, sajan guda mai suna Thornton ne ya laɓe da makamin fasa tanka ya jira har ta gaba ta matso sosai sannan ya harba, ta kama da wuta, sauran suka ja da baya suna zaton babbar runduna ce a gabansu. Sojojin lema sun iso cikin daren, kwamandojin Lord Lovat kuma suka ƙaraso daga bakin teku da rana. Da safe muka koma muka ga ainihin gadar, wadda aka cire a farkon shekarun 1990 aka kafa sabuwa a 1994, yanzu tana ajiye a harabar gidan tarihin Pegasus da aka buɗe a 2000, ana taka ta, ana ganin tabon harsashi a jikin ƙarfenta. Daga nan muka je farfajiyar cocin Ranville inda aka binne Laftanar Den Brotheridge, wanda aka harba a wuya yana jagorantar mutanensa a kan gadar, ana kuma ɗaukarsa a matsayin sojan ƙawance na farko da abokan gaba suka kashe a ranar. Ya bar matarsa da tsohon ciki, ta haifi 'ya mace bayan makonni kaɗan. Mutum na biyu da aka rasa, Fred Greenhalgh, a wani kududdufi ya nutse lokacin da jirginsu ya tarwatse wajen sauka.

Ina ba da shawarar wannan rangadi ga wanda yake da ƙafar tafiya a gona da haƙurin tsayuwa cikin sanyi yana sauraro, ya kuma karanta wani abu game da Indiya da New Zealand da Iraƙi kafin ya taso, tunda ba za a ba shi a bas ba. Bai dace da ƙananan yara ba, kuma kafin a biya ko sisin fam a tambayi sunan jagoran da zai fita da kuma sa'o'in da aka ware wa kowane wuri a rubuce. A jirgin ruwan da ya ɗauko mu daga Ouistreham zuwa Portsmouth aka raba mana takardar jin ra'ayi, na rubuta buƙata biyu, a ba Cassel rabin yini, a kuma bar manjon ya yi laccarsa ta Delhi da Gate Pa da Kut a kan hanyar Normandy. Bayan mako uku ofishin ya aiko mini da amsa ta imel cewa sun karɓi ta farko, ta biyu kuwa suna duba ta.